Ikilisiyar da Ta Goye Ni

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni dattijuwa ce, gwauruwa, mazauniyar Garwa a arewacin Kamaru. Dattawan ikilisiyarmu sun roƙi waɗanda suka daɗe a cikinta su rubuta shaidar rayuwarsu tun da sauran ƙarfi, domin 'ya'ya da jikoki su san ta inda aka biyo, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna, jikata kuma ta kwafe shi a waya. Akwai 'yan'uwa da za su iya nuna daren da suka tuba har da wa'azin da ya soki zuciyarsu, kuma ina girmama shaidarsu ƙwarai. Tawa bangaskiyar a hankali ta tashi, kuma duk inda na waiwaya a cikinta sai in tarar da hannun wani mai bi yana riƙe da ni. Yadda uwa take goyon ɗa kafin ya iya taka ƙasa, haka jama'ar Allah suka goye ni, kuma shaidar da nake so in bayar ke nan.

An haife ni a wani ƙauye cikin duwatsun da ke kusa da Burha, 'yan shekaru kafin Kamaru ta sami 'yancin kai a 1960. Mubi ce babbar kasuwarmu, can kuma dangin mahaifiyata suke. Tun zamanin Turawa iyaka ta ratsa tsakaninmu, su a hannun Ingila mu a hannun Faransa, a 1961 kuma aka yi ƙuri'ar da ta tabbatar da Mubi cikin Nijeriya, amma iyakar ba ta taɓa hana biki ko jana'iza ko cin kasuwa ba. A gida muna da yarenmu, Hausa kuwa a bakin mahaifiyata da kawunnaina na tsince ta tun ina ƙarama. Mahaifina manomin dawa da gyaɗa ne, mai riƙe da al'adun kakanni da hannu biyu. Ba a shuka sai an yi yanka, ba a taɓa sabon hatsi sai an zuba wa magabata giya, kuma in yaro ya kwanta ciwo, abin da ake fara tambaya shi ne wa aka saɓa wa. Cikin wannan tsoron na yi wayo.

Mai bisharar da ya zo ƙauyenmu daga wajen Mubi ya fito, ɗan ikilisiyar da ta samo asali daga aikin mishan da aka fara a Garkida a 1923. Malam muke ce masa. Ba fasto ba ne, manomi ne kamar kowa, ya roƙi gona aka ba shi, ya kafa rumfar zana, ya rataye wani tsohon ƙarfen mota a tsamiya yana bugawa da asuba domin addu'a. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne a ƙauyen duka, tsohuwar fassarar Hausa ta 1932, yana naɗe shi cikin ƙyalle ya sa a akwatin kwano saboda gara. Da yamma yakan share ƙasa da tafin hannunsa ya zana baƙaƙe da tsinke, mu yara mu durƙusa kewaye da shi muna maimaitawa, wanda ya iya haɗa kalma kuma a ba shi ya karanta aya ɗaya daga Bishara ta hannun Markus, bayan ya goge hannunsa a riga.

Mahaifina ya hana ni zuwa. Yanzu da na tsufa na gane ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro yake kada gidan ya rasa mai tsaronsa, kada kuma ya mutu ba mai zuba masa ko ɗigon giya. Wata damina kurkunu ya kama shi a ƙafa daidai lokacin maimai, ya kwanta yana kallon ciyawa tana cinye dawarsa. Wata safiya sai ga Malam da matarsa da 'yan masu bin da ke ƙauyen, kowa da fartanyarsa, suka shiga gonar suka nome ta tas, ba su ci tuwon gayya ba, ba su kuma yi wa kowa wa'azi ba. Da Malam ya zo sallama, mahaifina ya ce, "Malam, me zan biya ka?" Malam ya ce, "Baba, Allah ya ba ka lafiya, shi ke nan." Bayan kwanaki mahaifina ya kira ni ya ce, "Je ki wurin karatun, amma kada ki raina gidan ubanki." Na riƙe wannan sharaɗin har ya bar duniya, kuma ban taɓa ganin sharaɗin ya saɓa wa doka ta girmama iyaye da Malam ya koya mana ba.

Ajin baftisma a wancan zamani yana da tsawo. Sai mutum ya haddace Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji, ya iya ba da amsa a kan bangaskiyarsa, sai kuma maƙwabta sun shaidi zamansa, domin dattawa suna tambayar uwa da abokan ɗiban ruwa yadda halin yarinya yake. Fasto yakan zo ne bayan kaka, a kan keke, kuma a wani gurbin rafi da bai ƙafe ba aka yi mini baftisma ina budurwa. Na yi murna a ranar, da gaske kuma na ba da gaskiya. Sai dai bangaskiyata a lokacin tana cike da tsohon tsoro, ina addu'a ne domin kada wani abu ya same ni, ina zuwa sujada ina lissafin cewa wanda ya cika nasa Allah zai tsare masa gidansa daga masifa. Ba wanda ya koya mini haka a rumfar Malam, daga gida na taho da shi, kuma an daɗe kafin a raba ni da shi.

Aure ne ya kawo ni Garwa. Maigidana tela ne, mai bi ne daga wani ƙauye kusa da namu, ya gangaro birni a shekarun da kamfanin auduga da masaƙa suke jawo mutane daga ko'ina. Muka kama haya a unguwar Yalwa. Garwa garin Fulatanci ne, a kasuwa da titi shi ake ji, a ofisoshi kuma Faransanci, ni kuwa ban iya ko ɗaya sosai ba, ga zafin kwarin Binuwai wanda ɗan dutse bai saba da shi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne wata 'yar ƙaramar jama'a da ke sujada da Hausa da sassafe, kafin babbar sujada ta Fulatanci da Faransanci, yawancinsu mutanen bakin iyaka da 'yan Nijeriya masu sana'a. A kan teburin ɗinkin maigidana akwai rediyo, da dare mukan kama Muryar Bishara, shirye-shiryen Hausa da ake haɗawa a Jos a watsa daga Addis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar. Masu jin Fulatanci kuma suna da Sawtu Linjiila daga Ngaundere.

Ina so in ambaci matar mai gidan da muke haya, Bahaushiya Musulma, mijinta fatauci na goro yake yi. Ranar da ta fara jin ina waƙar coci a bakin murhu ta tsaya ta ce, "Yarinya, ashe da Hausa kuke roƙon Allah?" Da na haihu na fari ba uwa kusa, Hajiya ce ta dafa mini ruwan wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta tsare ni ba ta bari in ɗauki ko tulu. Ba ta taɓa neman in bar addinina ba, ni ma ban ɓoye mata nawa ba. Na rubuta wannan ne domin jikokina sun tashi a zamanin da zargi ya yi yawa tsakanin maƙwabta, kuma ya kamata su san an yi wani irin zama kafin wannan.

Makarantata ta gaskiya ita ce zumuntar mata. Kowane mako mukan taru da tulu da caki, mu yi waƙa, mu haddace aya, kowace ta kawo ɗan hatsi da 'yan sulalla a zuba a asusu, sa'an nan a raba mu biyu-biyu zuwa gaishe da marasa lafiya da masu jego da waɗanda suka daina zuwa sujada. Shugabarmu wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Mama, ba ta yi boko ba, amma ta san Zabura da ka, ta kuma san gidan da ba a hura wuta ba jiya. A wurinta na koyi yadda ake shiga gidan da ke cikin wahala, yadda ake ajiye kwanon hatsi a bayan ƙofa ba tare da an kunyata mai gida ba, da yadda ake tsawata wa mace a ɓoye a yabe ta a fili.

Wata bazara, lokacin da iska ke ɗauke da ƙura kuma ruwa bai sauka ba, sanƙarau ya shigo gari. Ɗana na biyu ya dawo daga wasa da yamma yana kukan ciwon kai, kafin gari ya waye wuyansa ya sandare. Muka kai shi asibiti, ma'aikata suka yi iya ƙoƙarinsu, amma Allah ya karɓi abinsa. Bayan an binne shi bakina ya rufe. Ban ce babu Allah ba, ban kuma zage shi ba, sai dai in na durƙusa ba abin da ke fitowa, domin lissafin nan da na daɗe ina yi ya rushe, kuma ban san wata hanyar zuwa gaban Allah ba sai ita. Daga ƙauye aka aiko gwaggona ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da ni ta ce magabata ne suka karɓi abin da na hana su, in tashi mu je wurin mai duba tun sauran yaran ba su bi shi ba. Da ƙauna ta faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, maganar ta sami wurin zama a zuciyata.

Da Mama ta zo na gaya mata duka, har da cewa na kasa addu'a. Na ɗauka za ta buɗe mini ayoyi. Sai ta kama hannuna ta ce, "'Yata, kada ki tilasta wa bakinki. Ki zauna kawai, mu za mu yi addu'ar." Tun daga ranar matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu. Da asuba wata za ta shigo ta share tsakar gida, ta cika randa, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, tana kiran sunana da na maigidana da na sauran yaran ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta tafi neman nata abincin. Akwai wata tsohuwa a cikinsu wadda ta binne 'ya'yanta da yawa, ita ba ta cewa komai, takan zo da ƙwaryar gyaɗa ta ajiye tsakaninmu, mu yi ta ɓarewa har rana ta yi zafi, in hawaye ya zo mini ta bar ni in yi, in ya tsaya ta turo mini ƙwaryar. Ranar Lahadi mata biyu daga cikinsu sukan biyo su tafi da ni, in zauna a benci na baya ban buɗe baki ba, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili. Maigidana ma maza suna zuwa shagonsa su zauna da shi, ko da yake shi nasa baƙin cikin a kan keken ɗinki ya sauke shi, yana aiki har tsakar dare.

Watanni suka wuce a haka. Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi daga Markus sura 2, labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, suka rasa hanya saboda taro, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Na san labarin tun ina durƙuso a rumfar Malam, amma ban taɓa lura ba cewa bangaskiyar masu ɗaukar ce Yesu ya gani, shi mutumin kuwa ba a rubuta ya ce komai ba kafin a gafarta masa a kuma warkar da shi. A nan na gane inda nake kwance da kuma su wa ke riƙe da kusurwoyin tabarmar. Addu'a ba ta dawo mini a ranar ba. Abin da ya fara dawowa shi ne amin, in wata ta gama addu'a a bakin ƙofa in amsa daga ciki, daga baya na soma bin Addu'ar Ubangiji tare da jama'a, sai can da daɗewa na sami kalmomin kaina. Addu'ar da ta dawo kuma dabam take da wadda ta tafi, domin na daina zuwa da lissafi, na soma zuwa a matsayin 'yar da aka riga aka karɓa saboda gicciyen Almasihu. Gwaggona ta koma gida ba tare da ni ba, kuma mun rabu lafiya.

A lokacin farin da aka yi a 1984 da 1985 dangi suka gangaro daga duwatsu neman abinci, mahaifina yana cikinsu, ya tsufa ƙwarai. A ɗakinmu ya ƙare kwanakinsa. Ba a yi masa baftisma ba, kuma ba zan ƙara a kan abin da na gani ba, amma a makonninsa na ƙarshe shi da kansa yake cewa a kira masa "mutanen Malam" su yi masa addu'a, ya kuma sa na karanta masa Zabura 23 ina juya masa ita da yarenmu. Sauran yana hannun Allah, wanda ya fi ni jinƙai.

Gwaji na gaba daga cikin ikilisiya ya fito, kuma ina ganin ya fi koya mini haƙuri. Bayan an sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Fulatanci a 1983, matasa kuma suna tasowa da Faransancin makaranta, sai wasu suka ce a soke sujadar Hausa, domin tana raba jama'a da baiko kashi biyu. Suna da hujja, mu ma muna da tamu, gama akwai tsofaffin da ba su taɓa kiran sunan Allah da wani harshe ba. Magana ta yi zafi a taro, har wani dattijo ya ce mu baƙi ne, in ba mu so mu koma inda muka fito. Iyalai da dama suka fita. Ni ma na ce wa maigidana mu tashi, ya ce, "Uwar yara, matan da suka share miki tsakar gida rabinsu suna wancan ɓangaren, ina za mu je mu bar su?" Muka zauna, amma na daɗe ina kauce wa hanyar dattijon nan. Faston lokacin ba ya wasa da Jibin Ubangiji, kafin kowane Jibi yakan karanta Matiyu sura 5, inda aka ce wanda ya kawo baiko ya tuna akwai magana tsakaninsa da ɗan'uwansa ya fara zuwa su shirya. Wata Asabar da yamma sai ga dattijon ya yi sallama a gidanmu, ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma ya nemi gafara. Na yafe masa da baki a ranar, zuciyata kuma ta biyo baya a hankali, da na yi ta ganinsa mako bayan mako muna karɓar gurasa daga faranti ɗaya. A ƙarshe aka bar sujadar Hausa a lokacinta, aka sa sujadar haɗin gwiwa da tafinta sau ɗaya a wata, ni kuma na sayi Littafi Mai Tsarki na Fulatanci na koyi karanta shi. Na tabbata wanda yake sauya ikilisiya duk lokacin da aka ɓata masa rai ba zai sami wannan darasin ba, gama gafara tana bukatar mutum ya ci gaba da ganin fuskar wanda ya yafe wa.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, yadi da zare suka yi tsada, masu kawo ɗinki suka ragu, ba a daɗe ba kuma maigidana ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Bayan makoki 'yan'uwansa suka zo rabon gado, suna so su tafi da keken ɗinkin, wanda shi ne abincin yaran. Dattawan ikilisiya ne suka zauna da su tun safe har la'asar, da ladabi ba da faɗa ba, kuma wanda ya fi kowa tsayawa a kan maganar shi ne dattijon nan da ya taɓa ce mana baƙi. Aka bar keken. Na soma suyar ƙosai da jarin adashin zumunta, ikilisiya ta ɗauki kuɗin makarantar autana, ni kuma na koyi karɓar taimako ba tare da jin na ƙasƙanta ba, abin da ya fi bayarwa wuya ga mai zuciya irin tawa. Da Mama ta tsufa aka ɗora mini shugabancin zumunta, na buɗe ajin karatu ga matan da ba su shiga makaranta ba, ina koya musu yadda Malam ya koya mana, sai dai mu muna da allo da alli.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. A 2013 aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Minawawo kusa da Mokolo, a Agustan 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza, a ƙarshen Oktoba kuma suka shiga Mubi, suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Mutane suka tsallako duwatsu ta ƙauyukanmu, wasu suka gangaro har Garwa suna neman hanyar da za ta fitar da su Yola. Da yawansu ba sa jin Faransanci, wasu ko Fulatanci ba su iya ba, duk wanda suka tambaya inda ake sujada da Hausa kuwa mu yake nuna musu. Sujadar nan da aka kusa sokewa ita ce ta zama ƙofar da suka shigo ta ciki, kuma yawancinsu 'ya'yan ikilisiyar da ta aiko mana Malam ne. Suka kwana a harabar coci da gidajenmu, muka kafa manyan tukwane, maza suna raka marasa takarda wurin jandarma, ɓangaren Fulatanci da na Faransanci suka kawo tabarmi da hatsi ba tare da an roƙe su ba. Akwai Musulmi a cikin masu gudun, tukunya ɗaya muka ci da su, 'ya'yan Hajiya kuma, ita ta riga ta rasu, suka aiko da buhun masara.

A ɗakina aka sauke wata yarinya mai goyo, wadda ta rabu da mijinta a daji ba ta san ko yana raye ba. Ƙafafunta sun kumbura sun tsage, na jiƙa su a ruwan ɗumi da gishiri, na sa madubin ido na zauna da allura ina cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ko motsi ba ta yi. Da dare matan zumunta suka soma waƙa a tsakar gida, sai ta toshe kunnenta ta ce, "Mama, ki ce su daina. Mun yi azumi, mun yi addu'a, ina Allah yake da suka shigo?" Ba ni da amsar wannan tambaya, ban kuma ƙirƙiro mata wata ba. Na fita na ce wa matan su sassauta murya, na dawo na gaya mata abin da aka gaya mini, cewa kada ta tilasta wa bakinta, mu za mu yi addu'ar. Muka raba kwanaki kamar yadda aka yi a kaina, da asuba ana kiran sunanta da na jaririnta da na mijinta. Ta zauna da ni har aka sami labarin danginta a Yola, ta tafi ba ta buɗe baki a sujada ba ko sau ɗaya. Daga baya ta kira ni a waya daga Mubi, mijin ba a gan shi ba har yau, amma ta ce ta shiga zumuntar mata, ita ce mai buga tulu.

Abin da nake fama da shi har yanzu shi ne umarnin Ubangiji na yin addu'a domin masu tsananta mana. Na san gidajen da aka ƙone a wajen Turu da Moskota, na san matan da aka mayar gwauraye, kuma in na zo wannan wuri a addu'a harshena yakan yi nauyi. Ina yinta ne don biyayya, ina roƙon Allah ya juyo da samarin nan, gama da yawansu yara ne da aka sata ko aka ruɗa, su ma suna da uwaye. A zumunta muna yinta tare, domin ranar da wata ta kasa wata takan iya.

Yanzu gwiwoyina ba sa kai ni gaisuwar marasa lafiya, idona kuma sai da manyan baƙaƙe. Na miƙa shugabanci ga wata da na koya wa karatu da hannuna, kuma ta fi ni iya tafiyar da matasa. Ina ganin 'yan mata da samari suna bin tarurrukan da ake alkawarin mu'ujiza da buɗi cikin dare ɗaya. Na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma ga ya yi, amma ina jin tsoro a kansu, domin lissafin da na taho da shi daga ƙauye ne ake sayar musu da sabon suna, kuma ranar da ɗa zai mutu duk da azumi da baiko, suna bukatar jama'ar da ta san ƙofar ɗakinsu. Ina gaya musu haka a fili in sun zo gaishe ni, wasu su ji, wasu su yi murmushi su ce, "To, Kaka."

Ina da roƙo ɗaya ga duk mai bin da ya karanta wannan. Babban ɗana, wanda ya gaji keken mahaifinsa, ya daina zuwa sujada tun rasuwar matarsa. Mutumin kirki ne, yana kula da ni, ba ya hana 'ya'yansa zuwa makarantar Lahadi, amma in an soma addu'a yakan tashi ya fita. Ba na matsa masa. Mazan ikilisiya suna zuwa shagonsa da yamma su zauna, matan zumunta kuma sun sa sunansa cikin waɗanda ake kira kowane mako. Ku ma ku sa shi cikin taku addu'ar, tare da 'yan'uwan da har yanzu suke zaune a Minawawo suna jiran ranar komawa gida.